Daga Dish Zuwa Ƙofar Gida: Me Kamfanin Satalayit Zai Sayar wa Kuki?

A watan Satumban 2021 aka kashe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Gwamnatin Aminu Bello Masari ce ta goyi bayan matakin, domin a toshe hanyar da 'yan bindiga ke magana da masu kai musu rahoto. Cikin dokokin wancan lokaci har da hana sayar da fetur a jarka da rufe wuraren cajin waya na kuɗi. Sai a watan Disamba sabis ya dawo yankin. A tsawon waɗannan watanni masu POS sun naɗe tabarmarsu, tura kuɗi ya tsaya, wanda yake son jin muryar ɗansa da ke Legas sai ya yi tattaki zuwa inda sabis bai ɗauke ba. Amma dish ɗin da ke kan rufi bai san an yi ba. Duk gidan da ke da batir ko farantin sola, a ƙauyukan yankin irin Kuki ko Karofi ko Makera, ya ci gaba da kallon Arewa24 da tashoshin wa'azi, domin saƙon talabijin daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, ba ya bi ta turken MTN ko na Airtel.

Wannan abin da ya faru shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora wata tambaya a kansa, tambayar da manyan kamfanonin talabijin na satalayit suka fi shekara goma suna juyawa: shin ya dace su sayi kamfanin da ke ƙera na'urorin sarrafa gida? Ana nufin kyamarar bakin ƙofa da mutum ke kallo ta wayarsa, da makullin da ake buɗewa daga nesa, da fitilar da ke kunna kanta, da jiniyar da ke ƙara idan an taɓa taga. A idon mai hannun jari a Johannesburg ko Paris, lissafin yana da daɗi. A idon magidanci a Kuki, amsata ita ce a'a, bai dace ba, kuma dalilan sun wuce zancen talauci da aka saba tsayawa a kansa.

Sai an fara fahimtar abin da ke ci wa kamfanonin tuwo a ƙwarya. Masu biyan kuɗin wata suna guduwa. MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya bayyana cewa tsakanin Afrilu da Satumban 2024 kaɗai ya yi asarar masu biya 243,000 a Najeriya. A watan Mayun 2024 ya kai kuɗin babban tsarinsa na Premium naira 37,000, a watan Maris na 2025 kuma ya mayar da shi 44,500, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Kamfanin yana sayen haƙƙin nuna ƙwallon Firimiya da dala, yana karɓar kuɗi da naira, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ba ta sake miƙewa tsaye ba. Matasa sun koma waya da YouTube. A ƙarshe kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamar MultiChoice a watan Satumban 2025.

Kamfanin da ya sami kansa a wannan hali yakan duba abin da ya rage masa a hannu. Yana da masu haɗa dish a kowane gari, waɗanda aka saba bari su hau rufi su shiga falo. Yana da hanyar karɓar kuɗi wata-wata. Yana da akwati guda a tsakiyar ɗakin zama wanda kowa ke kallo. Sai tunani ya zo: tun da muna cikin gidan, me zai hana mu sayar musu da tsaro da fitila da makulli? Wanda zai iya haƙura da fim, ai ba zai haƙura da jiniyar ƙofarsa ba, don haka ba zai daina biya ba.

An gwada wannan a Amurka, kuma labarin bai yi kyau ba. A 2013 DirecTV, babban kamfanin satalayit na ƙasar mai masu biya kusan miliyan 20, ya sayi wani ƙaramin kamfanin tsaron gida mai suna LifeShield. Bayan shekara biyu AT&T ya haɗiye DirecTV ɗin kansa a kan dala biliyan 48.5, alhali yana da nasa tsarin sarrafa gida mai suna Digital Life. LifeShield ya zama maraya a cikin gidan. A 2017 aka sayar da shi, a 2019 kuma ADT, tsohon kamfanin da tsaro ne sana'arsa tun asali, ya saye shi a kan kimanin dala miliyan 25. Shi ma Digital Life an rufe shi a 2022. EchoStar, a lokacin ɗan'uwan kamfanin satalayit na Dish, ya fito da nasa tsarin mai suna Sage a 2016, shekarar ba ta ƙare ba ya janye shi. Waɗannan duk a ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, intanet yana kusan kowane gida, ɗan sanda kuma yana amsa kira.

Inda abin ya ɗan zauna da gindinsa shi ne Ingila. Kamfanin satalayit na Sky ya sayi wani kamfani mai suna Neos a 2021, ya fito da Sky Protect a 2023, inda yake haɗa inshorar gida da kyamarar ƙofa da na'urar gano yoyon ruwa. To amma Sky ya daɗe da wuce matsayin mai sayar da dish kawai: yana cikin manyan masu sayar da intanet na gida a ƙasar, kuma mutanen can sun saba da biyan inshorar gida. Abin da ya ɗauki nauyin na'urorin ke nan, wayar intanet da al'adar inshora. Dish ɗin bai taka wata rawa ba.

Bambancin yana cikin yadda dish yake aiki. Shi karɓa kawai yake yi. Tauraron da ke nisan kusan kilomita 36,000 yana watso hoto ga nahiya baki ɗaya, dikoda ta buɗe abin da aka biya wa kuɗi, shi ke nan. Ba ta da hanyar mayar da magana sama. Kyamarar ƙofa kuwa dole ta aika, dole hoton ya fita daga gidan ya isa wayar mai gida ko ofishin masu sa ido. Ke nan sai da layin waya ko intanet, wanda a Najeriya yana hannun kamfanoni irin MTN da Airtel da Glo, ko kuma Starlink da ya shigo a Janairun 2023 da farashin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Kamfanin satalayit da ya sayi kamfanin na'urorin gida zai zama ɗan haya a kan hanyar wani. Ranar da aka kashe layi don dalilin tsaro, wato ranar da tsaro ya fi taɓarɓarewa, ranar ce kayansa za su yi shiru.

Batun wuta ba sai an ja shi ba. KEDCO ce ke raba wa Kano da Katsina da Jigawa, kuma ɗan abin da ke isa Dutsin-Ma ba ya kai wa ƙauyuka da yawa. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke taimaka masa ta Benuwai shi ma ya samu matsala. Janareto kuwa, tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ya zama na ranar biki da na masu gidan kallo.

Wa zai amsa kira?

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin a nan ne MultiChoice ya riga ya taka ƙafa. A 2022 ya sayi Namola, wata manhajar neman agajin gaggawa ta Afirka ta Kudu, ya ba masu DStv damar haɗa kuɗinta da na talabijin. Mutum ya danna maɓalli a waya, a ga inda yake, a turo masa agaji. Abin yana da ma'ana a can saboda akwai kamfanonin tsaro masu zaman kansu da ke yawo da motoci da makamai a unguwanni, suna jiran irin wannan kira. Abin da ake saya shi ne motar da za ta iso cikin mintuna, maɓallin hanya ce kawai ta kiran ta.

A Najeriya dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana masu gadi masu zaman kansu riƙe bindiga. Ko da babu wannan doka, wane kamfani ne zai ajiye mota a hanyar Kuki da tsakar dare yana jiran ayarin babura? Barazanar da ke yankin ta sha bamban da ta ɓarawon da ke fasa taga ya ɗauki talabijin idan masu gida sun tafi aiki. Mutane ne masu yawa ɗauke da manyan makamai, masu zuwa kora shanu da ɗaukar mutane, waɗanda ba su damu a gan su ba. A watan Oktoban 2023 an shiga har cikin garin Dutsin-Ma aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya daga gidan da suke haya. A watan ne kuma Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Waɗanda ke fitowa idan an kawo hari su ne waɗannan jami'ai, da 'yan banga, da sojoji da 'yan sanda idan labari ya kai gare su a kan lokaci. Ba ɗaya daga cikinsu da ke ƙarƙashin kamfanin talabijin, kuma bai kamata ya kasance ba.

Ina ganin zalunci ne a karɓi kuɗin wata daga hannun mutumin da ke kwana cikin fargaba, a ba shi jiniyar da babu kowa a ɗaya gefenta. Tsoro kasuwa ce mai sauƙin ci, kuma mutanen wannan yanki sun biya kuɗin fansa, sun biya harajin noma ga waɗanda suka hana su gonakinsu, sun sayar da hatsi sun sayi kwanciyar hankalin da ba ta zo ba. Gargaɗin da ke ceton rai a ƙauye na gari ne gaba ɗaya: wanda ya hango babura daga gona ya kira ƙauyen gaba, a buga wa mai gari, a sanar a lasifikar masallaci, mata da yara su fice. Idan akwai fasahar da za ta taimaka, to wadda za ta ƙarfafa wannan sarƙa ce, kamar rediyon hannu da ba ya buƙatar turke, da fitilun sola a mashigar gari, da lambar gaggawa ta 112 da za a kira a ɗauka. Wannan aikin hukuma ne da jama'a, ba kayan da za a sayar gida-gida ba ne.

Akwai kuma abin da masu zana waɗannan na'urori ba su san da shi ba, wato tsarin gidan Bahaushe. An gina zaure ne don baƙo ya tsaya a nan. Ko ɗan'uwa sai ya yi sallama an ba shi izini kafin ya wuce shigifa ya ga tsakar gida. Mai haɗa dish yana shiga ne da rakiyar mai gida, ya gama ya fita. Kyamara kuwa ta shiga ke nan, tana kallo dare da rana, hotonta yana zuwa wata kwamfuta a ƙasar da mai gidan bai taɓa jin sunanta ba. Wannan ba zargi ba ne na banza. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Ring, kamfanin kyamarar ƙofa mallakin Amazon, ya biya dala miliyan 5.8 bisa zargin cewa ma'aikatansa sun samu damar kallon bidiyon cikin gidajen mutane. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, abu ne mai kyau, sai dai magidancin da aka yaɗa hoton iyalinsa ba zai sami sauƙi daga tarar da aka ci wani kamfani a Abuja ba. A yankin da kalmar infoma ke raba maƙwabci da maƙwabci, rumbun bayanan da ke nuna wane gida ne ke da kaya, yaushe mai shi ke fita, ta wace ƙofa ake shiga, abu ne mai haɗari ko a hannun wa yake. Ita kanta kyamarar da ke maƙale a bango shela ce cewa akwai abin ɗauka a ciki.

Kada a ɗauka mutanen yankin ba su san amfanin na'urar da ke aiki da kanta ba. Fitilar sola mai kunnuwa da magariba ta mutu da asuba tana gidaje da shaguna da yawa. Masu rijiyar burtsatse suna sa abin da ke kashe famfo idan tanki ya cika. Masu hali a cikin gari suna da na'urar da ke sauya layi tsakanin wutar Nepa da inbata. Akwai kyamarori masu farantin sola da gurbin layin waya, 'yan kasuwa suna ɗauko su daga Sin, su bi ta Kano su iso Katsina. Abin da ya haɗa waɗannan kaya shi ne sau ɗaya ake biya, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai iya buɗe su, kuma babu wanda zai kashe su daga nesa. Kamfanin da zai zuba biliyoyi ya sayi wani kamfani don ya yi gogayya da wannan kasuwa, ya kuma ɗora mata kuɗin wata, ya shirya yin asara.

Abin da dish ke buƙata

Idan kamfanin satalayit yana da kuɗin sayen wani abu don gidaje irin na Kuki, to wuta ce. Dikoda ba ta cin kuɗin wata idan talabijin a kashe yake, kuma kowa ya san ƙorafin masu biya: ka biya na kwana talatin, ka kalli na kwana biyar. StarTimes, wanda ya shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, ya fahimci wannan da wuri, ya kawo biyan kuɗi na rana da na mako. Shi ne kuma ya aiwatar da shirin kai talabijin na satalayit ƙauyuka 10,000 na Afirka da Shugaba Xi Jinping ya sanar a Johannesburg a 2015, inda aka ware wa Najeriya ƙauyuka 1,000, kuma kayan da aka kafa a wuraren taruwar jama'a da sola suke aiki. A Kenya, kamfanin sola na Azuri ya haɗa kai da kamfanin talabijin na Zuku a 2016 suka fitar da farantin sola da batir da talabijin da dish a dunƙule, ana biya kaɗan-kaɗan ta waya. A nan gida Lumos ya yi irin wannan da MTN, akwatin sola da ake biyan kuɗinsa ta layin waya. Ga gidan kallon ƙwallo, wanda shi ne babban mai biyan DStv a ƙananan garuruwa, sola da batir na nufin ribar da janareto ke cinyewa ta dawo aljihun mai shi. Ga manomin rani a bakin dam ɗin Zobe, farantin da ke kunna talabijin da dare ɗan'uwan wanda ke juya famfon ban-ruwa da rana ne.

Sai dai ko a nan akwai tarko, kuma shi ne ya fi damuna. Sola ta biya-kaɗan-kaɗan tana da makulli a cikinta. Idan ranar biya ta wuce, akwatin ya kulle kansa, fitila ta mutu, sai an tura kuɗi an samu lambar buɗewa. Haka dikoda take. Ma'ana, na'urorin farko da ake sarrafawa daga nesa da suka shiga gidajen karkara, kamfani ne ke riƙe da makunninsu, mai gida kuwa biya ne nasa. Wannan yana da hujjarsa, domin ba don shi ba babu mai ba talaka kayan dubban ɗaruruwa bashi ba tare da jingina ba. Amma a yi tunanin kamfani guda ya mallaki talabijin da fitila da kyamara da makullin ƙofa, duk a takardar biya ɗaya. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara bayan kaka, idan ya gaza a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba ƙwallo kaɗai zai rasa ba. Kuma kamfanin da ya ƙara kuɗi sau da yawa a cikin shekara biyu, har hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai ruwa rana da shi a 2025, zai fi samun ƙarfin ƙarawa idan ya san fitilar ɗakin yara tana hannunsa.

Haɗarin bai tsaya ga rashin biya ba. Kamfani yana iya canza ra'ayi. A 2016 Nest, mallakin Google, ya kashe na'urar sarrafa gida ta Revolv da ya saya, waɗanda suka biya kusan dala 300 suka wayi gari da abin da ba ya aiki. Mu ma mun ga HiTV, wanda ya karɓe haƙƙin nuna Firimiya a 2007 ya durƙushe a 2011, ya bar mutane da dikodojin da ba su da amfani. Dikodar da ta mutu asarar kuɗi ce. Makullin da kamfaninsa ya mutu kuwa, ƙofa ce da ba ta buɗuwa ko ba ta rufuwa.

Don haka shawarar da zan ba Canal+ da StarTimes da duk mai wannan tunani ita ce su bar sayen kamfanin na'urorin gida, su ƙulla yarjejeniya da masu sola, kowa da takardar biyansa. Su koya wa samarin da ke haɗa dish a Dutsin-Ma da Kurfi haɗa farantin sola da gyaran batir da inbata, domin waɗannan samari su ne dukiyar da kamfanin ke da ita a yankin, kuma sana'ar za ta zauna da su ko da kamfanin ya tafi. Su rage kuɗin kallo, su ƙara shirye-shiryen Hausa, tun da Arewa24 ta nuna da Daɗin Kowa cewa akwai masu kallo, kuma kyauta take ba su.

Idan kuma wani kamfani ya nace sai ya saya, cinikin zai bi ta teburin FCCPC, wadda doka ta ba ikon amincewa da haɗewar manyan kamfanoni. Kafin ta sa hannu, ya kamata ta rubuta sharuɗɗa a fili: kada a kashe fitila ko makulli saboda bashin talabijin, na'urar da aka gama biyan kuɗinta ta buɗe har abada ta yi aiki ko babu layi, hoton cikin gida ya tsaya a katin ajiyar da ke cikin gidan sai mai gida ya yarda ya fita, kuma kada a tallata wa kowa jiniyar gaggawa a ƙaramar hukumar da kamfanin bai nuna a rubuce wanda zai amsa kiran ba.